Ƙafafun da Baba Tafireta Ya Yi wa Maus

Shekara talatin da ɗaya Baba Tafireta ya yi yana gyaran keken rubutu, a can ya samo sunan, kuma har yau da keken ya zama tarihi sunan bai sake shi ba. Yana ɗan shekara goma sha shida ya shiga makarantar koyon sana'a, a hannun wani malami dogo mai tabarau, wanda in ƙusa ɗaya ta faɗi ƙasa ba mai tashi daga aji sai an samo ta. Da ya gama aka ba shi farar riga mai aljihu uku da akwatin katako na kayan aiki. Ya sayi keken hawa, ya shiga zagayen ofisoshi. Litinin kotu, Talata gidan waya, Laraba makarantu biyu, haka dai har mako ya ƙare.

Akwai wata ƙa'ida da malamin nan ya dasa musu. In an kira ka gyaran keken rubutu ɗaya, to ka dubi sauran da ke ɗakin. Ka goge haruffa, ka ɗiga mai, ka ɗaure abin da ya kwance, kuma kada ka faɗa wa kowa. Akawu zai zo da safe ya ji harafin da ya yi wata uku yana maƙalewa ya saki, ya yi ta mamaki shi kaɗai. A wurin Baba Tafireta nan daɗin sana'ar yake, kuma bai taɓa barin wannan hali ba. Ko gidan aboki ya je gaisuwa, kafin a kawo masa ruwa ya ɗaure hannun ƙofa.

Da kwamfuta ta shigo, aka tara kekunan rubutu a ƙarƙashin benaye, abokan sana'arsa suka watse. Wani ya koma sayar da batir, wani ya zauna a gida yana zagin zamani. Shi kuwa ya sayi tsohon maus, wato ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur kibiya ta motsa a allo, ya kwance shi a kan farin hankici, ya yi kwana biyu yana kallon cikinsa. Ya ce wa matarsa, "Ƙusa huɗu ne da maɓalli uku. Keken rubutu kuwa ƙarfe ya fi dubu a cikinsa. Me zan ji wa tsoro?"

"Wa ya ce ka ji tsoro?" in ji ta. "Cewa na yi ka ɗauke min hankicina."

Tun daga nan teburinsa yake a barandar gida, kuma masu wasan kwamfuta suka fi kowa zuwa, don su ne ke kashe maus da wuri. Wanda in an danna sau ɗaya ya danna biyu, sai ya cire ɗan makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin ya sa sabo. Wanda wayarsa ta karye a wuya, ya yanke ya haɗa. Wanda kibiyarsa ke rawa, galibi silin gashi ne ya shiga idon da ke ƙasansa, sai hantsaki. Ba ya taɓa sukudireba sai ya yi tambaya uku: yaushe ya fara, me aka canza kafin ya fara, ya taɓa faɗuwa? Kuma ba ya canza abu biyu lokaci ɗaya.

'Ya'yansa biyar, amma Auta ce ta ɗauko hannunsa. Shekararta ashirin da tara, tana aiki a ofishin masu zanen gine-gine, tana zaune da mijinta malamin lissafi a hawa na biyu na wani bene. In ta taso aiki tana wasan harbi na kwamfuta, su biyar a ƙungiya, kowa a gidansa, suna magana ta abin kunne. Ita ce mai harbin nesa. Uwarta na kiran abin yaƙin ƙarya. Baba kuwa ya taɓa tsayawa a bayanta ya ga yadda take jan maus daga wannan gefen shimfiɗarsa zuwa wancan ta tsayar da shi cak a kan abin da bai kai ƙwayar ido ba, ya san a ina ta gaji wannan. Wata takwas ƙungiyar ta yi tana shirin wata gasa da za a yi ranar Asabar.

Ranar Lahadin da ta gabaci gasar iyayen suka je gidanta. Mijin ya fita, uwa da 'ya suna kicin suna gardamar gishiri, Baba ya leƙa ɗakin da teburin yake. Ya ɗauki maus ɗin, ya juya shi. Ƙafafunsa, wato 'yan faci huɗu masu santsi da yake zamewa a kansu, sun cinye, ɗaya ma ta fara ɗagowa. Ya girgiza kai. A aljihunsa kullum akwai 'yar jakar fata, a cikinta kuma akwai guntun farar roba mai santsi irin wadda ake sa wa kekunan rubutu na ƙarshe-ƙarshe, ya ajiye ta fiye da shekara ashirin. Ya ɓamɓare tsofaffin ƙafafun, ya yanka sababbi daidai da su, ya zagaye bakinsu da reza, ya manna. Ya tura maus ɗin, ya ji yana tafiya kamar sabulu a jiƙaƙƙen siminti. Ya ajiye shi daidai inda ya same shi, ya koma falo ya ɗauki jarida.

Ranar Laraba da la'asar sai ga Auta a baranda, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Baba, za su cire ni."

"Su wa?"

"Kyaftin." Kyaftin shi ne shugaban ƙungiyarsu, likitan haƙori ne, ba ya son wasa da wasa. "Ranar Litinin ni na ja aka ci mu, jiya ma haka. In na ja hannu da sauri sai abin ya tsaya min kamar an riƙe shi, kafin ya dawo an harbe ni. Ya ce jibi Juma'a ƙarfe huɗu za a gwada ni. In haka ne, wani zai zauna a wurina ranar Asabar."

Baba ya tura mata kujera da ƙafa. "Yaushe ya fara?"

"Litinin."

"Me kika canza?"

"Ba komai."

"Ya faɗi?"

"Bai faɗi ba. Kuma ba maus ba ne, Baba, bai taɓa daɗin hannu kamar yanzu ba. Allon ne. Shekararsa biyar, sau sittin kawai yake sabunta hoto a daƙiƙa, su Kyaftin duk sun wuce nan tuntuni. Dama ina da niyyar canza shi. Gobe ka raka ni, kai kake da ido."

Ya ji daɗin maganar daɗin hannun, har ya sunkuyar da kai kada ta ga fuskarsa. Ko kaɗan bai kawo aikinsa na Lahadi cikin lissafin abin da aka canza ba. A wurinsa gyara daban, canji daban.

Washegari ta nemi izini a ofis, suka je wani babban shagon kayan kwamfuta mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura. Mai shagon wani ƙaƙƙarfa ne mai gemu, maganarsa ta fi tafiyarsa sauri. Ya kai su gaban alluna biyu mafi tsada da yake da su.

"Wannan, inci ashirin da bakwai, shimfiɗaɗɗe, sau ɗari biyu da arba'in yake sabunta hoto a daƙiƙa. Kowane ɗigo shi ke kunna kansa, shi ya sa baƙinsa baƙi ne na gaske. Wannan kuma inci talatin da huɗu, lanƙwasasshe, ɗari da sittin da biyar, ya fi haske, ya fi faɗi. In kin zauna gabansa, 'yar'uwa, kin bar duniyar nan."

"A duniyar nan muke son ta," in ji Baba. "Ɗana, buɗe min farar takarda a kan baƙin fili."

Mai shago ya buɗe. Baba ya sa tabarau, ya ja farin akwatin hagu da dama a allon farko, yana bin bakinsa da ido. Ya koma na biyu ya yi haka.

"Auta, zo ki gani. Wannan mai faɗin yana barin wutsiya a bayansa, 'yar kaɗan, kamar inuwa. Wancan ba ya bari. Ga harbinki, ƙaramin ya fi. Kuma inci ashirin da bakwai idonki zai kwashe shi duka ba tare da kin juya wuya ba." Ya juya ga mai shago. "Amma faɗa mata aibinsa."

"Aibi kuma, Baba?"

"Kowane inji da nasa. In ba ka sani ba, kira wanda ya sani."

Mai shago ya yi dariya, ya shafa gemu. "To, in hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, wata da watanni, yana iya barin tabo. Kuma a ɗaki mai rana sosai mai faɗin ya fi shi."

"Ka ji. Ita kuma tana kawo zanen ofis gida, layukan nan suna wuni a wuri ɗaya, ga taga a damanta. Mai faɗin ya fi wa zane, ƙaramin ya fi wa harbi. Ba wanda ya haɗa duka." Ya zagaya bayansu, ya girgiza ƙafar kowanne, ya ce ta mai faɗin tana da rawa.

Auta ba ta zo jin wa'azi ba. Ta zaro maus ɗinta da shimfiɗarsa daga jaka, ta haɗa a kwamfutar shagon, aka buɗe mata filin gwaji na wasan a ƙaramin allon. Ta ce hoton kamar ruwa. Ta harba ɗaya, biyu, uku, duk a kai. Sannan ta fizgi hannu zuwa hagu, abin ya tsaya cak, ya yi tsalle.

"Ga shi nan!" ta ce. "Ka gani?"

Aka koma mai faɗin. A fizga ta huɗu ya sake yi.

"To ai shi ke nan," in ji mai shago. "Ki ɗauki allo, ki ɗauki sabon maus, ki ɗauki shimfiɗa, a huta gaba ɗaya."

"Abu ɗaya-ɗaya," in ji Baba. "Allo biyu, ciwo ɗaya, ashe ba allo ba ne. Bar komai yadda yake, ba ta naka maus ɗin."

Aka ba ta. Ta fizga sau ashirin, Baba yana ƙirgawa, bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ya karɓi maus biyun, ya ajiye su gefe da gefe a kan gilashin kanta, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da gilashin. Ƙarƙashin na shagon haske da ƙyar yake wucewa. Ƙarƙashin na Auta kuwa yana hango rigar mai shago a ɗaya gefen. Ya ɗauki katin shagon ya zura a ƙarƙashin na farko, ya shiga da ƙyar. Na Auta ya haɗiye kati biyu ba gardama. Tun kafin ya miƙe ya gane. Idon maus yana karanta shimfiɗa ne daga kusa ƙwarai, kuma masu wasa irin su Auta suna saita shi ya daina karatu da zarar an ɗaga shi kaɗan. Ƙafafun nan sun ɗaga shi zuwa bakin iyaka. A tafiya ta hankali yana gani, in an fizga ya ɗan karkata sai ya makance.

Mai shago ya juya maus ɗin, ya fashe da dariya. "Kai! Wane baduku ne ya yi wa wannan takalmi mai tudu? 'Yar'uwa, duk wanda ya yi miki wannan aiki, ki kai shi ƙara."

"Ni ne," in ji Baba.

Mai shago ya daina dariya. Auta ta dubi ubanta.

"Ranar Lahadi, kuna kicin. Sun cinye, na canza. Yanka ya yi daidai, manni ya yi daidai. Kaurin ne ban auna ba."

"Baba, na zauna a gabanka jiya, ka tambaye ni me na canza."

"Na tambaye ki."

"Kwana uku ina cewa hannuna ne ya mutu. Mijina har man zafi ya shafa min a wuyan hannu. Ai da ka faɗa min mana!"

"Ba a faɗa."

"Wa ya ce ba a faɗa?"

Ya buɗe baki zai ambaci malaminsa, sai ya ga ba amfani a jawo mutumin da ya yi shekara arba'in a kabari cikin shagon nan. Ya ce, "Kuskurena ne, kuma na san girmansa. Bai kai milimita ɗaya ba. Ɗana, kana da ƙafafun irin wannan?"

Babu. Sai an yi oda, mako guda. Mai shago ya sake kawo zancen sabon maus, a hankali wannan karon. Auta ta auna shi a tafin hannu ta ajiye. Ya fi nata nauyi, bayansa ya fi tudu, ta ce ba a kwana ɗaya hannu zai saba da shi ba. Tana iya shiga saiti ta sa idon ya riƙa karatu daga nesa, amma ita mai yawan ɗaga maus ce, in ta yi haka duk ɗagawa kibiya za ta zame.

"Ba ni shi zuwa gobe da hantsi," in ji Baba.

"A gabana," ta ce. "A kan teburina. Kuma duk abin da za ka taɓa, ka faɗa da baki kafin ka taɓa."

Kafin su fita ya zaro ma'aunin kaurinsa na ƙarfe ya auna ƙafar maus ɗin shagon. Kashi shida cikin goma na milimita. Tasa ɗaya da rabi. Allo kuwa ya ce kada a saya yau, don ba a canza wa ido wurin zama ana gobe jarrabawa. Mai shago ya raka su har ƙofa yana cewa, "Baba, in kana neman aiki, akwai kujera."

"In kana neman koyo, akwai benci," in ji Baba.

Ranar Juma'a ƙarfe tara na safe ya iso da akwatin katako da wani guntun gilashin taga. Ya shimfiɗa takardar yashi mafi laushi a kan gilashin, don gilashi ba ya da tudu ba ya da kwari. Auta ta jawo kujera ta zauna ta harɗe hannuwa.

"Zan ɓamɓare ƙafar gaba ta hagu," ya ce.

"Ɓamɓare."

"Zan goge ta ta baya, ba ta fuskar santsi ba."

"Goge."

Ya ɗora ta a kan yatsa, ya riƙa zagayawa da ita a kan takardar, sau goma ya auna, sau goma ya auna. Aikin ya ci awa biyu da rabi. Ta uku ta yi siriri a gefe ɗaya, ya jefar da ita ya yanka wata, ya kuma faɗa. Wajen ta huɗu Auta ta saki hannuwanta, ta karɓi ma'aunin tana karanta masa, don lambobin sun fara yi wa idonsa ƙanana. Ya kankare tsohon manni tas, ya sa sabo siriri kamar fatar albasa, ya danne maus ɗin a kan gilashi minti goma. Ya zura kati ɗaya, ya shiga da ƙyar.

"Fizga," ya ce.

Ta fizga sau hamsin. Ya ce ta ƙara hamsin, wannan karon da mugunta. Bai tsaya ba.

Ƙarfe huɗu saura ta sa abin kunne, amma ta bar sautin a lasifika don ya ji. Ya zauna a bakin gado a bayanta, hularsa a gwiwa. Muryar Kyaftin ta fito, a bushe.

"Auta, kin warke ko mu yi miki allura?"

"Buɗe fili, Likita, ka ga."

Baba bai san dokokin wasan ba. Hannunta kawai yake kallo. A zagayen farko tana ɗari-ɗari, ba ta sakin hannu, tana jiran abin ya ci amanarta, aka harbe ta tun ba a je ko'ina ba. Ya matso ya ce a hankali, "Ƙafafun nan kashi shida ne, ke kika karanta. Saki hannunki."

Ba ta juyo ba, amma ya ga kafaɗarta ta sauka. A zagaye na biyu wani ya ɓullo mata ta baya, ta fizgi maus daga wannan gefen shimfiɗa zuwa wancan, ta tsayar, ta danna. Wata murya a lasifika ta yi ihu. A na biyar ita kaɗai ta rage da abokan gaba uku, ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Haka aka yi ta yi har kusan ƙarfe biyar da rabi.

Da aka gama Kyaftin ya yi gyaran murya. "To. Gobe ƙarfe biyu, kowa ya zauna tun ɗaya da rabi. Auta, wurinki na nan. Me ya same ki kwanakin nan?"

Ta waiwayo ta dubi ubanta, shi kuma ya gyara zama, a shirye yake a faɗi sunansa.

"Maus ne," ta ce. "An gyara."

Ta cire abin kunnen, ta murza wuyan hannu. Baba ya fara mayar da kaya cikin akwati, kowanne a raminsa.

"Gobe ka zo ka gani," ta ce. "Ka zo da Mama. Amma akwatin nan ya kwana a gida."